Kubura Mai Man Gyaɗa da Tiyatar Ƙanwarta

Kubura mai man gyaɗa mace ce da ba ta da ƙyanƙyami, duk ƙauyen Jajaye an shaide ta da haka. In akuya ta kasa haihuwa, ita ake kira ta zura hannu. Ita ta yi jinyar uwar mijinta lokacin da ɓarin jikinta ya shanye, kashi da fitsari duk a kwance, ba wanda ya taɓa ganin ta yamutsa fuska. Amma akwai jinya guda da har gobe in aka tayar da zancenta sai ta kau da kai ta tofar da yawu. Kuma ba ta bare ba ce, ta ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

A Daura ta ƙasar Karaye aka haifi Kubura, gidan manoma gyaɗa da dawa. Tana budurwa mahaifiyarsu ta rasu, ta bar auta, Bahijja, ko yaye ta ba a yi ba. A bayan Kubura yarinyar ta tashi. Da aka ɗaura mata aure da Malam Iro, wani manomi a Jajaye da ke taɓa gyaran injin ban-ruwa da rani, sai ta kafe ba za ta tare ba sai da 'yar ƙanwarta. Haka aka kai amarya da goyo, 'yan rakiya suna ta dariya.

A gidan Iro ta kama sana'ar da aka san ta da ita. Ta soya gyaɗa a kasko, ta murje, ta sheƙe, a kai inji a niƙo, ta juye a turmi tana juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ta ɗure man a kwalabe, tunkuzar kuma ta murza ƙuli-ƙuli. Daga Ruwan Bago har cikin garin Rogo ana zuwa sari wurinta. Haihuwarta bakwai, biyar suna raye. Cikinta ya saki kamar na duk macen da ta yi irin wannan haihuwa, nankarwa ta zane shi, in ta zauna sai ya kwanta a kan cinyarta. Ba ta taɓa zama ta yi tunaninsa ba. Ta ɗaura zani a kai, ta kama aikin gabanta.

Bahijja kuwa ta tashi kyakkyawa, mai son gayu tun tana ƙarama. Ta yi sakandare a Karaye, wani ɗan kasuwa ya aure ta ya kai ta Kano. 'Ya'ya biyu suka haifa auren ya mutu, uban ya riƙe yaran. Ba ta yarda ta dawo ƙauye ba. Ta kama ɗaki a birni, ta shiga sayar da atamfa da leshi da turare ta waya. Ita da kanta take sa kayan, ta ɗauki bidiyo tana juyi, ta ɗora a shafinta, mata su gani su aiko a kai musu. Kubura ba ta gane kan wannan ciniki ba, amma tana alfahari da shi. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, “Auta tana Kano, tana kasuwancinta, ba ta roƙon kowa.”

Bayan an gama cirar gyaɗa a wata kaka, Bahijja ta kira ta, murya ƙasa-ƙasa.

“Yaya, ina wuni? Ya yara? Ya Malam?”

“Lafiya ƙalau. Ke me ya sami muryarki?”

“Yaya, an yi min hoto a asibiti. Wai ƙari ne a cikina, sai an yi aiki an cire. Kuma a Legas ake yi.”

Kubura ta saki taɓarya ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Bahijja ta ce ba yadda za a yi sai an sayar da gonarta ta gado da ke Daura. Kubura ce ta hau babur da kanta ta je ta sami yayyensu maza, da kuka da roƙo, har suka amince. Ta ce za ta bi ta Legas jinya, Bahijja ta ce a'a, asibitin ba ya barin mai jinya ya kwana. Sai Kubura ta zauna gida tana addu'a, ta yi sadakar ƙuli-ƙuli, ta sa Malam Iro ya roƙi liman a saka ƙanwarta a addu'a ranar Juma'a.

Bayan an yi aikin, wata rana da hantsi motar shata ta tsaya a ƙofar gida. Bahijja ta fito a duƙe kamar tsohuwa tukuf, tana jan ƙafa, hannu ɗaya riƙe da wani abu a ƙarƙashin hijabi. Kafin ma ta amsa sannu da zuwa ta ce, “Yaya, don Allah kada a gaya wa kowa na zo. Ba na son 'yan dubiya.”

A ɗaki, da aka cire hijabin, Kubura ta ga abin da take riƙe da shi. Siraran robobi ne guda biyu suka fito daga cikin fatar mararta, kowace ta ƙare a cikin wata 'yar gora mai laushi, gorar cike da ruwa ja-ja, ba jini sosai ba, kamar ruwan da aka wanke nama. An ɗaure cikin tam da wata faffaɗar ɗamara. Da suka kwance ta, sai ga ɗinki tun daga wannan ƙashin ƙugu har zuwa wancan, baƙi, a kumbure. Cibiyar ma zagaye take da nata ɗinkin, ta koma wani ɗan rami a tsuke, ba irin wadda Kubura ta sani ba, ita da ta sha gasa ta da tsumma tun Bahijja tana jaririya.

“Innalillahi! Wannan wane irin ƙari ne, har da cibiya?”

“Babba ne, Yaya,” in ji Bahijja, ta rufe ido.

Kubura ba ta ƙara tambaya ba. Ta rufe turmi, ta aika wa masu sari su yi haƙuri. Safe da yamma ita ke tsiyaye gorunan nan a cikin wani tsohon gwangwani ta kai masai. Ita ke goge ɗinkin da auduga, ta canja bandeji, ta ja ɗamarar ta ɗaure Bahijja tana ihu. Kwanciya ba ta yiwuwa a miƙe, sai an jera mata matasai a baya da ƙarƙashin gwiwa. Tari ya zama azaba, atishawa kuwa sai ta riƙe hannun yayarta tana kiran sunan Allah. Ko bayan gida sai Kubura ta riƙe ta ta tsugunar, ta yi mata tsarki. Duk wannan bai dami Kubura ba. Tausayi ne fal zuciyarta, tana yi tana cewa, “Sannu Auta, kaffara ce, Allah Ya sa iyakar wahalar ke nan.”

Sai ɗinkin ya fara ruwa a tsakiya. Wurin ya yi baƙi, ya buɗe baki, mugunya ta fara fita mai kauri. Wari ya cika ɗakin, irin warin da turaren wuta ba ya kashewa, sai dai su haɗu su ba da wani abu da ya fi muni. Ƙudaje suka gano hanya. Zazzaɓi ya rufe Bahijja, amma ta dage ba za a kai ta ko'ina ba, a sayo mata magani a kemis kawai. Malam Iro ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ja numfashi sau ɗaya, ya ja da baya.

“Kubura, ki shirya ta. Ba za a mutu min a gida ina kallo ba. Bari in nemo mota.”

A wani asibiti a Kano wata likita ta ɗaga bandejin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi Bahijja.

“A ina aka yi miki aikin rage tumbin?”

Kubura ta yi caraf ta ce, “Likita, ƙari aka cire mata.”

Likitar ta dubi Kubura, ta sake duban Bahijja. “Baiwar Allah, sai kin gaya min gaskiya zan san abin da zan yi miki. Akwai wani ciwo da aka ce kina da shi kafin aikin?”

Bahijja ta juya fuska ga bango. “Babu.”

Kubura ta ji kamar ba Hausa ake yi ba. Ta ce, “Likita, don Allah yi min bayani, ni ban gane ba.” Likitar ta tambayi Bahijja ko ta yarda a faɗa, Bahijja ta gyaɗa kai. Sai likitar ta yi bayani a taƙaice, tana nunawa da yatsa. Ana yanka ne daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗaye fatar ciki, a yanke wadda ke ƙasan cibiya da kitsenta gaba ɗaya, a janyo ta sama a haɗe da ta ƙasa, sannan a huda sabon rami a fito da cibiya. Ba don ciwo ba, don ciki ya shafe.

“To fatar da aka yanke fa? Ina aka kai ta?”

“Ba a mayarwa, Hajiya. Kawar da ita ake yi.”

Kubura ta tuna teburin mahauci ranar kasuwa, yadda yake yanke teɓar rago ya jefa gefe, ƙudaje su bi. Ta fita da sauri. A bakin kwata ta durƙusa, ta amayar da duk kokon da ta sha da safe, ta ci gaba da kakari bayan cikinta ya zama wayam.

Da aka kankare ruɓaɓɓen wurin aka sa wa Bahijja ƙarin ruwa, Kubura ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Ta dubi ƙanwarta.

“Lafiyarki ƙalau, Bahijja. Kika kwanta da ƙafarki aka yanka ki kamar dabba. Kika sa na je gaban su Yaya ina kuka da majina aka sayar da gonar Baba. Kika sa liman ya yi miki addu'a a masallaci a kan ƙarya.”

“Yaya, ba za ki gane ba.” Hawaye na bin kunnenta. “Tun haihuwar nan cikina ya ƙi komawa. In na sa kaya na ɗora bidiyo, ba mai maganar kayan. Sai a riƙa rubuto min, wata nawa ne, wa ya yi miki, bazawara da ciki. Na sha shayi, na ɗaure, na yi yunwa har ina ganin jiri. Da jikina nake cin abinci, Yaya. In ba a sha'awar yadda kayan suka zauna min, ba mai saya.”

Kubura ta ji maganar, kuma ta san ba duka ce ƙarya ba. Bakin mutane ba shi da kyau. Amma ta kalli bandejin da ya riga ya fara jiƙewa, sai yawu ya sake tarar mata a baki.

Ba ta yar da ita ba. Da aka sallame su, Jajaye ta sake mayar da ita, ta ci gaba da wanke ciwon yadda aka koya mata har ya cike daga ciki. Sai dai yanzu hannunta ne kawai ke aikin. In ta gama takan wanke hannu da toka, ta sake wankewa da sabulu, ta shinshina, ta ga kamar har yanzu da saura. Nama mai kitse ya fita daga ranta kwata-kwata. Ko a miyar gidan suna ta hango shi yana yawo a sama, sai ta ture kwanon.

Da Bahijja ta fara miƙewa tana zaga tsakar gida, sai ta dawo da fara'arta. Wata rana Kubura tana matsar mai ta dafe ƙugu ta yi ƙorafin ciwon mara da ke taso mata in ta daɗe a tsaye. Bahijja ta ce, “Yaya, ɗan sassauta zanin in ɗauki hoton wurin, in tura wa wata likitar mata da na sani, ko za ta rubuto miki magani.” Ba kowa a gidan sai su biyu. Kubura ta ɗaga riga, ta sassauta zani, aka ɗauka ta gaba da ta gefe. Magani bai zo ba, ita ma ta manta. Ba a jima ba Bahijja ta koma Kano, cikinta a shafe kamar faranti, da dogon tabo da zani ke rufewa.

Damina ta faɗi, an yi noman farko, sai ga maƙwabciyarta Hajo ta shigo da sallama, riƙe da wayar ɗanta. Bayan sun gaisa ta tambayi yara da ciniki, sai ta riƙa juya wayar a hannu.

“Kubura, wata magana ce, ban san ta inda zan fara ba. Kin san matar ɗana da ta haihu kwanan baya? Gudawa take yi ba tsayawa, har nono ya ja baya, jaririn sai kuka. Da aka matsa mata sai ta fito da wani shayi da ta sa aka kawo mata daga Kano, wai na rage tumbi. Wurin Bahijjarku ta saya. Ki duba nan.”

A wayar, Bahijja ce tsaye cikin matsattsiyar doguwar riga, tana shafa cikinta tana murmushi. Tana cewa, 'yan'uwa mata, ba tiyata, ba wahala, wannan shayin kaɗai na sha, ku dubi yadda nake a da, ku dubi yadda na koma. Sai hoto ya fito. Wani ciki ne saki-saki, duk nankarwa, an yanke kan mai shi. A gefe ga hannu riƙe da riga, da tabon ƙunar mai a bayan hannun. Daga baya ga bakin turmi da kwalabe a jere.

Kubura ta dubi bayan hannunta. Ta sake duban wayar.

“Ni ma da tabon na gane,” in ji Hajo a hankali.

A ƙarƙashin hoton mutane sun yi rubutu rututu. Kubura ta ce a karanta mata, Hajo ta ce ita ma ba ta iya ba, kuma ɗanta ya ce gara kada a karanta. Wannan ya ishe ta. Cikin da ko 'ya'yanta da suka girma ba ta buɗewa a gabansu, yau ga shi a hannun mazan da ba ta sani ba, a tasha da shagon caji, suna dariya. Ta ji jikinta duk ya yi mata ƙazanta. Ta shiga banɗaki ta yi wanka da rana tsaka, ta dirje cikin da soso har ya yi zafi.

Da Malam Iro ya ji, ya ce shi zai je Kano ya sami Bahijja. Kubura ta ce a'a, ita ta goya ta, ita za ta je. Washegari ta hau mota ta Karaye ta wuce Kano.

Ta tarar da ƙanwarta zaune a tsakar ɗaki, gabanta babbar roba cike da garin ganye, tana ɗurawa a 'yan ledoji masu hotonta. Kubura ta ɗebi kaɗan ta shinshina. Filasko ne, ganyen da ake sha don wankin ciki, an daka shi da citta da kanumfari don ƙanshi.

“Yaya! Sannu da zuwa, ba ko waya? Bari in kawo ruwa.”

“Bar ruwanki. Cikin wa kika sa a waya?”

Bahijja ta yi dariyar yaƙe. “Haba Yaya, ai fuskarki ba ta fito ba. Ciki ne kawai, wa zai gane? Nawa na da ban ɗauka ba, kuma bai kai naki nuna bambanci ba.”

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi komai ƙona wa Kubura rai. Ta dubi yarinyar da ta yi wa tsarki tana jaririya, ta sake yi mata tana uwar 'ya'ya biyu, ta ga ko alamar kunya babu a idonta, sai ƙosawa, irin ta wanda aka katse wa aiki.

“Maijego tana can tana zawo saboda ke, jaririnta ba nono. Ki goge hoton nan yanzu ina kallo. Kuma ki daina cewa shayi ne ya shafe miki ciki.”

“Hoton zan goge. Amma sana'ata ba ruwanki da ita. Kowa haka yake yi.”

Ta danna wayar, ta nuna mata an goge. Kubura ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan gidan ba. Ta juya ta kama hanyar tasha.

A mota ta yi ta saƙawa da kwancewa. Tona asirin ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk abin da aka faɗa a kan Bahijja gidansu aka faɗa wa. Amma da ta iso ta leƙa gidan Hajo ta ga maijegon kwance, ido ya faɗa, sai ta yanke shawara. Ranar wani suna a unguwar, mata sun cika tsakar gida, wata ta ɗauko zancen shayin tana tambayar ko Kubura za ta sa a kawo mata da sauƙi, tunda ƙanwarta ce. Kubura ta ajiye kwanon da ke hannunta.

“Kada wadda ta sake sha. Filasko ne, zawo kawai zai sa ku. Cikin Bahijja wuƙa aka sa aka yanke shi, ni na yi jinyarta a ɗakina, ni na kwashe mugunyar. Wancan cikin da ta nuna kuma nawa ne.”

Salati ya tashi ta ko'ina. Kafin sati ya zagayo zancen ya kai Rogo, ya kai Karaye. Yayyensu maza suka kira Bahijja a kan maganar gona, aka yi baran-baran. Ita kuma ta kira Kubura ta ce ta gode da ta kashe mata kasuwa a garinsu, sannan ta kashe waya. A birni kuwa cinikinta bai tsaya ba. An ce ta samo hoton wani cikin ta sa a madadin na yayarta, ko na wace baiwar Allah ce, oho.

Sallah biyu suka wuce ba ta zo ba, ba ta kira ba. Kubura ta koma kan turminta. Maijegon Hajo ta warke, yaron har ya fara tafiya. In an tambayi Kubura labarin Auta, takan ce tana Kano, ta tsaya a nan.

A bana ne wayar ta sake shigowa. Bahijja ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da sunansa, sannan ta zo kan magana. Wai gefe da gefen tabon fata ta tattare ta yi tudu, yana nunawa a cikin kaya, za a ɗan sake yanka a gyara. Ƙaramin aiki ne. Ko za ta iya zuwa Jajaye ta kwana biyu in an gama?

Kubura ta ji warin nan ya dawo mata a hanci kamar yanzu aka ɗaga bandejin.

“Ɗaki yana nan, ke 'yar'uwata ce, ba zan kore ki ba. Amma ƙofa a buɗe zan bar ta. Duk wanda ya shigo ya tambayi abin da ke damunki, zan gaya masa.”

Bahijja ta ce za ta yi tunani, a gaida Malam.

Ba ta zo ba. Daga baya Kubura ta ji a bakin wani direban Karaye cewa an yi aikin, kuma wata mata aka ɗauka haya a Kano ta yi jinyar.